Gadar sama a kan layin dogo: me ya sa wata ke cika, wata kuma ta zama kango?

Tambaya: Unguwarmu ta girma har ta tsallaka layin dogo. Makaranta da asibiti da tashar mota suna ɓangare ɗaya, sababbin gidaje suna ɗaya ɓangaren. Kullum mutane na ƙetare titin jirgi da ƙafa, kuma an sha yin rashi. Ina cikin kwamitin da zai kai buƙatar gadar sama gaban hukuma, sai dai na ga wuraren da aka gina gadar amma mutane suka ci gaba da bi ta ƙasa. Me ya kamata mu sani kafin mu je?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah kuma ya jiƙan waɗanda aka rasa. Abin da ka lura da shi a ƙarshen tambayarka shi ne ƙashin bayan maganar. Na daɗe a aikin zana gadoji da duba lafiyarsu, kuma ɗora ƙarfe a kan ginshiƙi shi ne ɓangare mafi sauƙi. Duk injiniyan da ya san aikinsa zai zana muku gadar da ba za ta faɗi ba. Gadar da mutane za su yarda su hau ita ce mai wuya, kuma abu biyu ke yanke mata hukunci tun kafin a haƙa ramin farko: wurin da aka kafa ta, da yawan hawan da mutum zai yi kafin ya kai samanta.

Bari mu fara da jirgin kansa, don shi ne hujjarku a gaban hukuma. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, tana gudu a kan ƙarfe. Santsin da ke ba kan jirgi ɗaya damar jan tarago masu nauyin dubban tan, shi ne kuma ke hana shi tsayawa. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa, ko direba ya danne birkin gaggawa, yana iya cin kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya cak, kuma a wannan gudun yana cinye mita 25 a kowane sakan. Ba shi da sitiyari balle ya kauce. Direban da ya hango yaro a kan layi, usur da addu'a kawai suka rage masa. Ido ma yana yaudara, domin abu mai girma idan ya tunkaro ka kai tsaye sai ka ga kamar a hankali yake tafe. Jikin jirgi ya zarce ƙarfen layi da kusan mita ɗaya ta kowane gefe, saboda haka wanda ya sauka ya tsaya dab da layi yana ganin ya tsira, bai tsira ba. Inda layi biyu ne akwai tarkon jirgi na biyu: mutum ya jira na farko ya wuce, ya zura ƙafa a bayan taragon ƙarshe, ashe wani na tafe ta ɗaya layin, ƙararsa ta nutse cikin ta na farko. Sai kuma jirgin kaya da ke tsayawa ya tare hanya na tsawon lokaci, yara 'yan makaranta su gaji da jira su riƙa rarrafe ta ƙarƙashin tarago, alhali jirgin kan motsa ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Duk wannan mutanen unguwarku sun san shi, wasu ma sun fi ni sani, amma suna tsallakawa. Karin maganar nan ta hanyar lafiya a bi ta da shekara, baki ne ke faɗinta, ƙafa ba ta aiki da ita. Yi lissafin da kanka. Mutum na tafiyar kimanin mita 80 a minti. Idan aka kafa gada mita 200 daga inda aka saba tsallakawa, zuwa da dawowa mita 400 ke nan, minti biyar, ban da hawa da sauka. Tsallaka layin kuwa sakan ashirin ne. Wanda ke yin wannan hanya sau huɗu a rana ba ya buƙatar kowa ya yi masa lissafi.

An taɓa kira na in duba wata gada da aka gama, aka yi mata fenti mai kyau, amma awaki sun fi mutane hawanta. An kafa ta ne a inda fili ya samu babu rigimar diyya. Na bar gadar na bi katanga da sassafe har na iso inda aka fasa ta. Wani ya jera duwatsu uku da tsohuwar taya sun zama matakala. Tsakuwar da ke ƙarƙashin layin ta lotsa a daidai wurin, ta yi sulɓi saboda tafin ƙafa, kamar an zana hanya da alli. Na zauna da littafina ina ta ja wa kowane mai wucewa layi. Wata dattijuwa ta iso da kwano a ka, jikanta riƙe da gefen zanenta. Ta tsaya, ta karkata kunne hagu da dama, ta ɗaga yaron da hannu ɗaya suka wuce. Da na gaishe ta na nuna mata gadar, dariya ta yi, ta ce gwiwoyinta ba za su kai ta can su hau da ita su kuma dawo da ita nan ba. Ban sami abin ce mata ba, don lissafinta ya fi na wanda ya zaɓi wurin daidai.

Saboda haka aikin farko na kwamitinku ba ya buƙatar injiniya. Ku bi layin daga farkon unguwa zuwa ƙarshenta, ku rubuta duk wata kafa da turbar ƙafa. Hoton tauraron ɗan'adam da ke wayarku ma yana nuna su, fararen zare ne da suka ratsa layi. Ku zaunar da matasa a kowace kafa na mako guda, su ƙirga masu wucewa awa bayan awa, ranar aiki da ranar hutu, safe da dare. Kada su tsaya kan adadi kawai. Su rubuta yara nawa, tsofaffi nawa, mai keke, mai baro, mai kaya a ka, mai kora dabba. Su tambayi wasu daga ina zuwa ina. Sannan ku tuna da waɗanda ba za su bayyana a ƙirgen ba: tsohon da ya daina tsallakawa don tsoro, yaron da iyayensa suka hana, da mutanen da za su tare a filayen da yanzu ciyawa ce kawai. Unguwa mai girma, ƙirgen yau ƙaramin adadi ne na abin da gadar za ta ɗauka.

Yanzu ga inda gadar jirgi ta bambanta da ta mota, kuma nan ne yawancin kwamitoci ke shan mamaki. Gadar ƙafa a kan titin mota tana buƙatar sarari na kimanin mita biyar da rabi a ƙarƙashinta. Ta jirgi ta fi haka. A Amurka, misali, abin da kamfanonin jiragen kaya suka saba nema shi ne ƙafa 23, wato kimanin mita 7, daga saman ƙarfen layi zuwa cikin gadar. Kowace ƙasa da nata ma'auni, amma dalilan iri ɗaya ne: taragon da ake ɗora wa kwantena biyu ɗaya kan ɗaya, da wayar lantarki ta sama, ko da a ce yanzu babu ita, domin hukumar jirgi ba za ta yarda a toshe mata hanyar sa ta gobe ba. Ɗora kaurin gadar kanta a kan wannan, sai ka ga inda mutum zai taka ya kusa mita 8 daga ƙasa. Idan kowane mataki santimita 16 ne, matakai 50 ke nan a hawa, 50 a sauka. Kusan hawan bene mai hawa uku, ga mace mai juna biyu, ga mai ciwon ƙirji, ga mai buhu a kafaɗa.

To a yi gangara mana, in ji kowa. A yi, dole ma ne, don mai keken guragu da mai baro da mai tura keken jariri su ma 'yan unguwa ne. Amma ga tsawonta. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce gangara kada ta fi tsayin mita ɗaya a kowace mita 12, da wurin hutawa shimfiɗaɗɗe bayan kowace mita tara ko makamancin haka. Hawan mita 8 a wannan ma'auni mita 96 ne, da wuraren hutawa ya kai kusan 110. Idan ana son mai sauƙi sosai, mita ɗaya a kowace 20, tsawon ya zama mita 160. Wannan gefe ɗaya ke nan. Gadar da tsakiyarta mita 40 ce tak sai ta fito da jela ta mita 220 zuwa 320. Shi ya sa sau da yawa kuɗin hawa da sauka ya fi na tsallakawar kanta, kuma shi ne ke cin fili, filin da a unguwa mai cika tuni wani ya kafa harsashin gidansa a kai.

Mai lafiyar ƙafa ba zai bi gangarar mita ɗari yana kai da komowa ba, don haka a yi duka biyun: matakala miƙaƙƙiya a daidai bakin hanyar da mutane ke fitowa, gangara kuma a gefe. In fili ya ba da dama, gangarar ta miƙe ta bi hanyar da jama'a ke tahowa, yadda mutum zai riƙa hawa yana kuma rage tafiyarsa. Wadda ake naɗewa kamar igiya tana komawa baya, ita ce ke ba mutane haushi. A gefen matakala a yi ɗan kwararo na tura keke, abu ne mai arha da ke jawo masu keke da yawa. Ku kuma tambayi mai zane wannan tambaya: nawa ne kaurin gadar daga cikinta zuwa inda ake takawa? Idan aka sa ƙarafan da ke ɗaukar nauyi a gefe da gefe, mutum na tafiya a tsakaninsu, kaurin yana raguwa sosai. Rabin mita da aka rage a nan, a gangara mai sauƙi, mita goma ce aka rage ta kowane gefe, da matakai uku.

Lifta fa? A tashar jirgi mai ma'aikata da tsayayyiyar wuta da kwangilar gyara, tana aiki. A tsakiyar unguwa inda babu mai kula, ba na ba da shawararta ita kaɗai. Ranar da ta lalace, ga gurgu ƙofa ce aka kulle. Akwai kuma matsalar da ban ga wanda ya warware ta tsaf ba: duk gangarar da keken guragu zai hau, babur ma zai hau, duk shingen da zai hana babur kuma yakan hana keken guragu. Gara a zauna a yanke shawara tun a takarda, ko a faɗaɗa a ware wa masu taya gefensu, ko a sa mai tsaro.

Kafin ku nace kan gada, ku dubi yadda layin ya zauna a ƙasa. Jirgi ba ya son hawa da gangara, don haka masu shimfiɗa layi kan yanke tudu su ratsa ta ciki, su kuma cike kwari su bi ta sama. Inda layi ya nutse cikin yankakken tudu, ƙasa ta riga ta yi muku rabin hawan kyauta, wani lokaci ma gadar kan fito daidai da titin unguwa babu mataki ko ɗaya. In akwai irin wannan wuri mita hamsin daga turbar mutane, ya cancanci a matsa. In mita ɗari biyar ne, ku manta da shi. Inda kuwa layi ke bisa tudun da aka cike, hanyar ƙarƙashi ta fi dacewa. Mutum ba ya buƙatar sararin da jirgi ke buƙata, mita biyu da rabi ta ishe shi, da kaurin rufin sai zurfin ya kama mita uku da rabi zuwa huɗu, rabin hawan gada. Ana iya zuba akwatin kankare a gefe a tura shi ta ƙarƙashin layi da manyan jak, jirgi na ci gaba da wucewa a hankali a sama, ko da yake aikin na da tsada. Abokan gabar hanyar ƙarƙashi biyu ne, ruwa da duhu. Idan ruwan da ya shiga ba zai gangara ya fita da kansa ba sai da injin zuƙa, ranar da wuta ta ɗauke a tsakiyar damina kun sami tafki. Idan mai shiga ba ya hango hasken ɗaya bakin, mata za su guje ta da magariba, ta koma mafakar ɓata-gari da wurin bahaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Maganar katanga gajeruwa ce amma ana yawan juya ta. Gada ba katanga, mutane za su bi ta ƙasa. Katanga ba gada, za a fasa ta, kuma da gaskiyar masu fasawa tunda an raba su da asibiti. A buɗe gadar tukuna, sannan a rufe kafofin, a kuma riƙa toshe duk wadda aka sake buɗewa cikin kwanaki, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In layin ya ratsa unguwar na tsawon kilomita biyu ko uku, gada ɗaya ba za ta wadatar ba, komai kyanta. Ku nemi a tsara wurare da yawa, ko da ɗaya za a fara ginawa.

Sai faɗi. A nan ina so ka riƙe labarin Mumbai ta Indiya. Yankin Parel da Lower Parel a da masaƙu ne. Masaƙun suka mutu, dogayen benaye na ofisoshi suka maye gurbinsu, jama'ar da ke sauka a tashoshin yankin ta ninka, amma gadar ƙafa da ta haɗa tashar Elphinstone Road da ta Parel tana nan yadda take tun zamanin da. Ranar 29 ga Satumba 2017 da safe aka tsuge da ruwa. Waɗanda suka iso ƙasan matakala suka tsaya suna fakewa, jirage suka ci gaba da sauke mutane, na baya suna turowa ba su san na gaba sun tsaya ba. Mutum 23 suka mutu a turmutsutsun, kuma gadar ba ta karye ba, ko tsagewa ba ta yi ba. Matakala ita ce maƙogwaron gada, domin a faɗi ɗaya ba ta wuce da fiye da kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da shimfiɗaɗɗiyar hanya ke wucewa da su. Kuskure ne a yi saman gada mai faɗi a ƙuntata matakalarta. Kuma jama'a ba sa zuwa daidai wa daida, zuwa suke kamar ambaliya, lokacin tashi daga makaranta ko saukar jirgi, don haka da minti goma sha biyar mafi cunkoso ake auna faɗi. Cunkoso in ya haura mutum huɗu zuwa biyar a murabba'in mita, mutum ya daina mallakar ƙafarsa. Ni dai a unguwa mai girma ba na son ganin ƙasa da mita uku tsakanin bango da bango, kusa da tasha ko makaranta kuwa fiye da haka. In za a yi rufi, a zarce da shi gaba da ƙasan matakala a bar fili, yadda mai fakewa zai fake ba tare da ya toshe hanya ba.

Masu talla za su zo, kada ku yaudari kanku. Duk inda ƙafa ta taru, ciniki na biye. Ra'ayina a kansu ya bambanta da na abokan aikina da yawa: zamansu da fitilunsu shi ke sa mace ta hau gada da dare hankali kwance. A ware musu wuri a gindin gada ko a wani faffaɗan kusurwa, a hana su matakala ƙememe. Fitila kuma a sa ta inda hannu ba ya kaiwa, a bar gefen gada yadda na ƙasa zai hango na sama. Wuri ɗaya ne ba a barin gefen a buɗe: daidai saman wayar lantarki. Layukan zamani da yawa na aiki da wuta mai ƙarfin bolt 25,000, wadda kan yi tsalle ta kama abu tun bai taɓa ta ba. A Birtaniya bangon gefe a irin wannan wuri sai ya kai mita 1.8, marar kafa, samansa a tsine yadda yaro ba zai zauna ko ya taka ba, ƙarafan gadar kuma a haɗa su da ƙasa.

Abin da hukumar jirgi za ta fi tsananta muku a kai shi ne ginshiƙai, kuma tana da dalili. A watan Janairun 1977 a Granville, kusa da birnin Sidni na Ostireliya, jirgin fasinja ya sauka daga layi ya daki ginshiƙan wata gadar mota, gadar ta rufto kan tarago, sama da mutum 80 suka mutu. A Eschede ta Jamus a watan Yunin 1998 jirgi mai tsananin gudu ya yi irin haka, mutum 101. Shi ya sa ake so gada ta tsallake dukkan filin jirgi da zira ɗaya babu ginshiƙi a tsakiya, in kuma dole ne, a yi masa katangar kankare mai kauri. A ƙa'idar Amurka, ginshiƙin da bai kai nisan ƙafa 25 daga tsakiyar layi ba, kimanin mita bakwai da rabi, sai an kare shi. Ku tambaya kuma ko akwai shirin ƙara layi na biyu ko na uku. Gadar da aka auna da layin yau kaɗai, rusa ta za a yi ranar faɗaɗawa.

Sauran lissafin na injiniya ne, zan ratsa shi da sauri. Ana zana gadar ƙafa ta ɗauki kimanin kilo 500 a kowane murabba'in mita. Ana duba rawarta, domin mutum na taka ƙasa kusan sau biyu a sakan, kuma siririyar gadar da lilonta ya dace da wannan takun sai ta fara amsawa. Gadar Millennium ta Landan, a kan kogin Thames, an buɗe ta a watan Yunin 2000, aka rufe bayan kwana biyu saboda tana lilo gefe da gefe in taro ya hau, ba a sake buɗewa ba sai a Fabrairun 2002 bayan an sa mata na'urorin shanye girgiza. Ƙarfe kuma yana miƙewa da zafi: mai tsawon mita 40 zai ƙaru da kusan santimita ɗaya da rabi in zafi ya tashi da digiri 30, don haka ake barin mahaɗa da matashin roba a kan ginshiƙi.

Ginin kansa ba ya ɗaukar lokaci kamar neman izini. Ba a tsayar da jirgi don gada. Abin da ake samu 'yan awoyi ne na dare da hukumar jirgi ke rufe layi, kuma akan nemi wannan dama watanni kafin ranar. Saboda haka ake ƙera tsakiyar gadar a masana'anta, a kawo ta, a gama ginshiƙai a gefe, sannan a dare ɗaya babbar ƙugiya ta ɗaga ta ta ɗora, a ɗaure notuna, kafin jirgin asuba layi ya koma hannun masu shi. Rashin nauyi a nan riba ce. A Kolding ta Denmak tun 1997 aka ɗora gadar ƙafa mai mita 40 a kan layin dogo wadda aka yi da roba mai zaren gilashi, ba ta tsatsa, wutar lantarki kuma ba ta ratsa ta. Ku sa hukumar jirgi a teburin tun ranar farko. Kwamitin da ya gama zane sannan ya kai mata, yakan dawo da zanen a hannu.

Akwai tambayar da ba a so a yi ranar yanke ƙyalle: gadar ta waye? Filin na hukumar jirgi ne, mutanen da ke hawa na hukumar gari ne, kowa na iya cewa gyara na ɗayan ne. A Mumbai dai, ranar 3 ga Yulin 2018, gefen masu tafiya a ƙafa na gadar Gokhale da ke Andheri ya rufto kan layin dogo. Bincike ya nuna tsatsa ta cinye ƙarafan, an kuma yi ta ɗora wa wurin wayoyi da yashi da duwatsun daɓe, nauyin da ba a zana shi da shi ba. Tsatsa a ɓoye take aiki, a inda ruwa ke kwanciya: mahaɗa, gindin matakala, ƙarƙashin daɓe, bakin magudanar da shara ta toshe. Fitsari ma yana cin ƙarfe, kuma gindin gadar da babu fitila kowa ya san abin da yake zama. Gyaran cikin gada ya fi gininta wahalar shiryawa, tunda shi ma sai an rufe layi. Ku nace a rubuta yarjejeniya kafin a fara aiki: wa zai share, wa zai biya wuta, wa zai yi fenti, wa zai turo injiniya ya duba kuma bayan shekara nawa, da wa ke da ikon hana a rataya mata bututu ko allon talla.

Wataƙila hukuma ta ce muku babu kuɗi bana. Kada ku dawo hannu rabbana. Ku nemi mashigar wucin gadi a kafa mafi cunkoso, mai shimfiɗaɗɗen daɓe, da shinge mai lanƙwasa da ke tilasta wa mai shigowa ya fuskanci inda jirgi ke tahowa, da ƙararrawa, da mai tuta a lokutan makaranta. Hukumomin jirgi ba sa son irin wannan, kuma inda jirage ke da yawa ko gudu ba za ta yiwu ba, amma ta fi kafar da babu mai kula. Ku nemi a duba ko masu yanka filaye da gina rukunin gidaje a ƙetaren layi za su sa hannu a kuɗin, tunda gadar za ta ɗaga darajar abin da suke sayarwa. In akwai shirin gina tasha kusa, a haɗa gadar da ita yadda wanda ba matafiyi ba zai ratsa ba tare da tikiti ba, kamar yadda tashoshi da yawa a Japan suke.

Abin da ya fi duka gaggawa kuwa, kuma kusan ba ya cin kuɗi a yau, shi ne filin da gadar za ta sauka. Ka ga tsawon gangarar da muka lissafa. A unguwa mai girma, filin da ke gefen layi bana, baɗi shago ne, bayan shekara biyar bene ne, kuma daga nan kuɗin diyya da shari'a ne za su tura gadar can inda babu mai hawa, kamar wadda na ba ka labari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku je da ƙirgenku da hoton turbobin, ku nuna wurare biyu ko uku, ku roƙi safiyo ya zo ya auna zirin mita ɗari da 'yan kai ta kowane gefe, a kafa duwatsun iyaka, a shigar da shi taswirar gari da sunan hanyar jama'a, a kuma ba kwamitinku kwafin takardar mai hatimi.